Taya Mai Araha Ko Mai Tsada? Darasi a Kan Roba da Motoci Masu Ƙarfin Gudu

A ƙasashen da ake ƙera motoci masu ƙarfin gudu, irin su Jamus da Ingila da Japan, akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu irin waɗannan motoci, kuma takan taso ne duk lokacin da tayoyin da mota ta zo da su daga kamfani suka cinye. Mutum zai je shagon taya, a ajiye masa iri biyu a gabansa, girmansu ɗaya, lambarsu ɗaya, dukkansu baƙaƙe kuma sababbi fil, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar, wani lokaci ma har da ɗoriya. Sai ya tsaya yana tambayar kansa: shin wannan bambanci na gaskiya ne, ko kuwa kuɗin suna kawai ake karɓa? Gardamar ta iso mu, domin irin waɗannan motoci ba baƙi ba ne a titunan Abuja da Kano da Kaduna.

Mai karatu zai iya yin mamakin abin da ya kai malamin ilimin halittu cikin zancen taya. Dalilin shi ne, asalin taya daga jikin itace ta faro, kuma halin da ke sa ta kama kwalta irinsa ne muke gani a cikin jijiya da fatar dabba. Har ila yau, da wuya a sami wani abu na yau da kullum da ya haɗa ilimin halittu da na sinadarai da na fizis wuri ɗaya kamar taya.

Domin kada zance ya tsaya a iska, bari mu ɗauki mota guda mu yi nazari a kanta, watau Volkswagen Golf GTI ƙira ta bakwai, wadda ta fito a 2013. Nauyinta kimanin kilo 1,400 ne, tana iya gudun da ya kusa kilomita 250 cikin sa'a guda, kuma ɗaya daga cikin tayoyin da ake sa mata ita ce mai lamba 225/40 R18 92Y. Za mu komo ga ma'anar wannan lamba nan gaba.

Tafin hannu huɗu

Kome ƙarfin injin mota, kome kyawun birkinta, ba ta taɓa ƙasa sai a wurare huɗu. Ɗalibi zai iya ƙiyasta girman kowane wuri da kansa. Idan aka raba kilo 1,400 gida huɗu, kowace taya tana ɗauke da kilo 350. In an ɗura mata iska har bar 2.4, wato kimanin 35 a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi, to iskar tana tura kowane santimita murabba'i na cikin tayar da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 2.45. A raba 350 da 2.45, za a sami santimita murabba'i 143. Wannan bai wuce faɗin hannun babban mutum da yatsunsa ba. Lissafin ƙiyasi ne, domin gaban motar ya fi bayanta nauyi, kuma jikin tayar shi ma yana ɗaukar wani kaso na nauyin, amma bai yi nisa da gaskiya ba.

Ke nan duk tashin da mota za ta yi, da kwanar da za ta sha, da tsayuwar da za ta yi in an taka birki, ta kan waɗannan tafuka huɗu suke bi. Birki ba ya tsayar da mota. Abin da yake tsayarwa shi ne juyawar taya. Gogayyar da ke tsakanin roba da kwalta ita ce ke tsayar da mota. Saboda haka tambayarmu ta koma kan ita kanta robar: mece ce ita, kuma me ya bambanta wata da wata?

Daga itace zuwa taya

Duk wanda ya taɓa karya ganyen tumfafiya ya ga farin nonon da ke fita. Tsire-tsire da yawa suna da irin wannan nono, wanda ke cikin wasu siraran bututu na musamman a jikinsu, kuma masana suna ganin babban aikinsa shi ne kāre tsiro, ya toshe rauni, ya liƙe bakin ƙwaron da ya zo ci. Gamji ma yana da shi, har an yi zamanin da ake tara danƙonsa a ƙasar Kano ana sayar wa Turawa. Amma itacen da duniya ta dogara da shi wajen roba shi ne Hevea brasiliensis, ɗan asalin dajin Amazon na Kudancin Amurka, wanda danginsu ɗaya da rogo da zurman. Akan fara tsaga ɓawonsa idan ya shekara biyar zuwa bakwai, a ɗaura ɗan kofi a ƙarƙashin tsagar nonon ya riƙa ɗiga, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku na wannan nono roba ce tsantsa.

A 1876 wani Bature mai suna Henry Wickham ya kwashi irin wannan itace kimanin 70,000 daga Burazil zuwa lambun Kew da ke Landan, daga nan aka kai tsiron da ya fito zuwa Silon da Malaya. Shi ya sa har yanzu mafi yawan robar duniya daga kudu maso gabashin Asiya take fitowa, Tailan ce kan gaba, a Afirka kuwa Kwaddibuwa. A Nijeriya ana noman itacen a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, kuma akwai cibiyar binciken roba ta ƙasa a Iyanomo, kusa da Benin. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na robar itace a masana'antar taya take ƙarewa.

In aka dubi roba ta fuskar sinadarai, doguwar sarƙa ce. Ƙaramin sinadarin da ake kira isofirin, mai ɗauke da zarrar kabon 5 da ta haidurojin 8, shi ne ke maimaita kansa sau dubbai, ya zama zare. Zarurrukan a cukurkuɗe suke kamar taliyar da aka dafa aka juye a kwano. In an ja su sai su miƙe, in an saki sai su sake nannaɗewa. Amma ɗanyar roba ba ta da amfani a kan hanya: da zafi takan yi laushi tana danƙo, da sanyi kuma ta sandare. A 1839 Charles Goodyear na Amurka ya gano cewa in an gasa roba tare da farar wuta, halinta yakan sake. Zarrar farar wuta tana ƙulla gadoji tsakanin zare da zare, sai tarin zare ya zama raga guda. Ɗaliban ilimin halittu sun san irin wannan gada, domin ita ce ke ƙarfafa furotin ɗin keratin na gashi da farce da ƙaho, kuma farar wutar da ke cikinsu tana daga cikin abin da ke sa gashi wari idan ya ƙone. Abin sha'awa kuma, mutumin da ya yayata taya mai iska a 1888, John Boyd Dunlop, likitan dabbobi ne a birnin Belfas, kuma don keken ɗansa ya yi ta.

Tayar ƙaramar mota ta yanzu ba robar itace kaɗai ba ce. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Japan ta mamaye gonakin robar Malaya a 1942, Amurka ta duƙufa wajen haɗa roba daga sinadaran man fetur, kuma irin wannan roba ce ta fi yawa a fuskar tayar ƙananan motoci. Robar itace ta fi rinjaye a tayoyin manyan motoci da na jiragen sama, saboda jurewarta ga yagewa da kuma ƙarancin zafin da take tarawa. Ban da roba akwai baƙin garin kabon mai kama da kunkunniya, wanda ke ƙara ƙwari kuma shi ne ya mayar da taya baƙa, da mai, da kakin zuma na masana'anta, da wayoyin ƙarfe, da zaren roba mai ƙarfi, da magungunan hana tsufa. Yawan kowanne da yadda aka cakuɗa su sirrin kamfani ne. A nan ne mafi yawan bambancin farashi ya ɓuya, kuma ido ba ya ganinsa. Ana iya kwaikwayon zanen fuskar taya daga hoto, amma ba a kwaikwayon haɗi daga hoto.

Yadda roba ke kama kwalta

Wannan shi ne ƙashin bayan darasin, don haka za mu ɗan dakata a kansa.

Roba tana kama hanya ta fuska biyu. Ta farko ita ce mannewa: inda roba ta taɓa dutse kai tsaye, zarrar wannan da ta wancan suna jan juna na ɗan ƙanƙanin lokaci. Irin wannan jan ne ke riƙe tsaka a jikin bango, ta hanyar miliyoyin ƙananan gasu da ke tafin ƙafarta. Mannewa tana da ƙarfi a busasshiyar hanya, amma da zarar ruwa ya shiga tsakani sai ta yi rauni ƙwarai.

Ta biyu ta fi wuyar fahimta. Kwalta ba sumul take ba, cike take da ƙananan tsakuwoyi masu tudu da kwari. Idan taya ta bi ta kansu, roba takan lotsa, sa'an nan ta dawo. Amma ba ta dawowa nan take, kuma ba ta mayar da dukkan ƙarfin da aka matsa ta da shi. Wani kaso yakan zama zafi. Saboda wannan jinkiri, robar takan fi dannar gaban kowace tsakuwa fiye da bayanta, kuma wannan rashin daidaito shi ne ke haifar da ƙarfin da ke riƙe mota. Za mu kira wannan hali jinkirin komawa. Ana ganinsa a jikinmu: kitsen da ke ƙarƙashin diddige yana shanye wani kaso na ƙarfin kowane taku ya mayar da shi zafi, shi ya sa girgizar ba ta kai wa gwiwa da ƙarfinta duka. Agara kuwa, wato babbar jijiyar bayan ƙafa, akasin haka take, tana mayar da kusan dukkan ƙarfin da aka ja ta da shi, shi ya sa take taimaka wa mai gudu. Jinkirin komawa ba ya ɓacewa don hanya ta jiƙe, don haka shi ne madogarar taya a lokacin ruwa.

Sai dai ga matsala. Halin nan da ke kawo riƙo shi ne kuma ke cin mai. Duk zagaye guda, jikin taya yakan lotsa ya dawo, kuma abin da ya zama zafi daga man da ke cikin tanki ya fito. An ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da ƙaramar mota ke sha yana tafiya ne wajen gangarar da tayoyi. Haka kuma roba mai laushi da ke kama hanya da kyau takan yi saurin cinyewa. Maƙeran taya suna fama da abubuwa uku masu jan juna: riƙo a jiƙaƙƙiyar hanya, da tsimin mai, da daɗewa. In ka ja ɗaya, sai ɗaya ya kufce. Abu ne mai sauƙi a yi taya mai daɗewa, a taurara haɗin kawai. Abu ne mai sauƙi kuma a yi mai riƙo wadda za ta suɗe cikin 'yan watanni, kamar ta motocin tsere. Mai wuyar shi ne a haɗa ukun.

Hanyar da aka samu ta fito ne daga lura da cewa lotsawar iri biyu ce. Lotsawar jikin taya yayin da take juyawa a hankali take faruwa. Kewayen tayar motarmu mita 2 ne, don haka a gudun kilomita 100 tana zagayawa sau 14 kacal cikin sakan guda. Girgizar da ƙananan tsakuwoyi ke yi wa fuskar roba yayin birki kuwa takan kai dubbai cikin sakan. Abin nema shi ne haɗin da zai kasance kamar agara a lotsawa ta farko, ya kuma kasance kamar kitsen diddige a ta biyu. A 1992 kamfanin Michelin na Faransa ya fito da taya wadda aka maye gurbin wani kaso mai yawa na baƙin kabon da silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, tare da wani sinadari da ke ƙulla silikar da zaren roba. Wannan ya rage shan mai ba tare da an rasa riƙo a ruwa ba. Yanzu kusan kowa yana sa silika, amma cakuɗa ta sosai yana bukatar injuna masu kyau da kula da zafi daki-daki, kuma a nan ne masana'anta ke fin masana'anta.

Ruwa, da lissafin birki

Aikin kwaruruwan da ke fuskar taya shi ne kwashe ruwa. A ƙaddara ruwa mai zurfin milimita 2 ya kwanta a kan titi, faɗin fuskar taya santimita 20 ne, mota tana gudun kilomita 100, wato mita 27.8 a sakan. In an ninka ukun, za a ga kowace tayar gaba dole ta kawar da kimanin lita 11 na ruwa cikin sakan guda. In ta kasa, ruwan yakan taru a gabanta ya ɗaga ta, sai mota ta zama kwalekwale, sitiyari da birki su daina jin magana. Kwaɗon bishiya ya riga mu warware wannan matsala: fatar ƙarshen yatsunsa ta kasu zuwa ƙananan gidaje masu kusurwa shida, da siraran magudanai a tsakaninsu, waɗanda ke barin ruwa ya fice don fatar ta taɓa ganye. Sabuwar taya takan zo da zurfin zane na milimita 7 zuwa 8. Dokar ƙasashen Turai ta haramta hawa kan wadda ta gaza milimita 1.6, kuma akwai 'yan tudu a cikin kwaruruwan da ke nuna an kai wannan iyaka.

Yanzu sai lissafin da nake so kowane ɗalibi ya yi da hannunsa. Nisan birki shi ne gudu sau gudu, a raba da 2 sau lambar gogayya sau 9.8. A ƙaddara a jiƙaƙƙiyar hanya taya ta farko tana da lambar gogayya 0.8, ta biyu 0.65. Daga gudun mita 27.8 a sakan, ta farko za ta tsaya a mita 49, ta biyu a mita 61. Wani zai ce, ai mita 12 ba wani abu ba ne. To, a yi tambayar ta wata fuska: a daidai inda motar farko ta tsaya cik, da wane gudu ta biyu ke wucewa? Lissafi ya ba da kilomita 43 cikin sa'a. In akwai yaro ko bayan tirela a wannan wuri, bambancin tsakanin firgita ne da gadon asibiti, ko abin da ya fi haka.

Lambobin nan na misali ne, amma gwaji na zahiri ya nuna tazarar da ta fi su. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, wadda ke gwada tayoyi kowace shekara, ta gwada iri 50 masu girma ɗaya a 2023. A birki daga gudun kilomita 80 a jiƙaƙƙiyar kwalta, wadda ta fi kyau ta tsaya a kimanin mita 34, ta ƙarshe kuwa sai da ta kai kimanin mita 59. Wannan ta ƙarshe, mai araha ce, kuma tana cikin masu daɗewa kafin su cinye. Ke nan mai ita zai yi ta yabonta shekara da shekaru, yana cewa ba ta jin hanya, bai san abin da aka sadaukar don a sami wannan daɗewa ba. A gwajin dai, wata taya mai babban suna da tsada, wadda aka ƙera don tsimin mai da daɗewa, ita ma ba ta taɓuka abin kirki a ruwa ba. Wannan ya isa ya nuna cewa suna kaɗai ba hujja ba ne.

Zafi, da karanta gefen taya

A gudun kilomita 250 tayar motarmu tana lotsawa ta dawo sau 35 cikin sakan, kuma kowace lotsawa tana barin zafi. In zafin ya fi ƙarfin haɗin, roba takan rabu da wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashinta, fuskar taya ta ɓare. Ƙarancin iska yana ƙara wannan haɗari, domin yana ƙara lotsawa. Saboda haka al'adar da wasu direbobinmu ke yi ta rage iska a watannin bazara, wai don kada taya ta fashe, kuskure ne babba. Gaskiya ne iska takan ƙaru da kimanin bar 0.1 a duk ƙarin digiri 10 na zafi, amma an ƙera taya da sanin haka. A auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya, a bi lambar da kamfanin mota ya rubuta a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka bayan haɗurran ɓarewar fuska da suka ci rayuka da yawa, akasari a jihohi masu zafi, kuma wannan ne ya jawo dokar da ta tilasta sa na'urar gargaɗin ƙarancin iska a sababbin motocin ƙasar.

Mu koma ga lambar nan, 225/40 R18 92Y. Faɗin taya milimita 225 ne. Tsayin gefenta kashi 40 cikin ɗari ne na faɗin, wato milimita 90. Gajeren gefe yana sa mota jin sitiyari da sauri, amma ba ya yafe wa rami. Harafin R yana nufin zarurrukan jikinta sun miƙe ne daga baki zuwa baki, ƙirar da Michelin ya yi wa rajista a 1946. Lamba 18 faɗin wili ne a inci. Lamba 92 tana nufin tayar na iya ɗaukar kilo 630. Harafin ƙarshe kuwa iyakar gudu ne: T kilomita 190, H 210, V 240, W 270, Y 300. Kada mai karatu ya ce tun da iyakar gudun ƙananan motoci a manyan titunan Nijeriya kilomita 100 ne, wannan harafi bai dame shi ba. Harafin ma'aunin jure zafi ne, kuma tazarar da ke tsakanin abin da taya ke iya ɗauka da abin da ake ɗora mata ita ce kariya a hanyar Kano zuwa Maiduguri da tsakar ranar watan Afrilu.

Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT, masu nuna ranar haihuwar taya: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, domin iskar oksijin da ozon suna tsinka zarurrukanta, suna kuma ƙulla sababbin gadojin da ke taurara ta, zafi kuma yana hanzarta aikin. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya. Wasu kamfanonin mota suna cewa shida, manyan maƙeran taya kuma suna cewa kada ta wuce goma ko da zanenta na nan. A ƙasa mai zafi kamar tamu, na fi karkata ga gajeren wa'adi.

A nan ilimin halittu ya sake shigowa ta wata ƙofa. Maganin da ake sa wa taya don kāre ta daga ozon, mai suna 6PPD, yakan rikiɗa ya zama wani sinadari in ya gama aikinsa. A 2020 masu bincike a Jami'ar Washintan ta Amurka suka gano cewa wannan sinadari, wanda ruwan sama ke wankewa daga titi zuwa rafi, shi ne ke kashe wani nau'in kifin salmon da ake kira koho. Ƙurar taya ba ɓacewa take yi ba, kuma tayar da ke saurin cinyewa ta fi zubar da ita.

To, wace za a saya?

Ra'ayina shi ne, wanda ya iya sayen mota mai irin wannan ƙarfi bai kamata ya nemi rangwame a wurin taya ba. Injiniyoyin da suka tsara birkinta da na'urar da ke hana ta zamewa sun yi lissafinsu ne bisa wani mizani na riƙo. In aka sa mata abin da ya gaza, na'urorin ba za su ƙirƙiro gogayyar da babu ba. Wasu kamfanoni ma suna sa a yi musu taya ta musamman da tambarinsu: tauraro ga BMW, MO ga Mercedes, AO ga Audi, harafin N ga Porsche. Abin da ya sa ake ruɗuwa shi ne, a tafiyar yau da kullum kan busasshen titi, direba ba ya amfani da ko rabin riƙon da tayarsa ke da shi, don haka mai araha da mai tsada duk ɗaya yake jin su. Bambancin yana bayyana ne cikin sakan biyu ko uku, wataƙila sau ɗaya a shekara.

Amma ban ce sai mafi tsada ba. Tsakanin ƙoli da ƙasa akwai matsakaita masu kyau, kamar Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu da Falken na Japan, waɗanda sukan yi kusa da na gaba a gwaje-gwaje, wani lokaci har su wuce wasunsu. Manyan kamfanonin ma suna da ƙananan sunaye masu rangwame, kamar Barum na Continental da Kleber na Michelin. Abin dubawa shi ne shaida. Tun Nuwamban 2012 Tarayyar Turai ta wajabta liƙa wa sabuwar taya takardar da ke nuna matsayinta a riƙon ruwa da tsimin mai da ƙara, kuma daga Mayun 2021 matakan sun koma A zuwa E. Ga mota mai gudu, A a riƙon ruwa ake nema, B ita ce iyakar sassauci. Tayoyin da aka yi don kasuwar Amurka kuma suna da matakin jure zafi a gefensu, A ko B ko C. Sa'an nan a yi lissafin kuɗi bisa kilomita, ba bisa abin da aka biya a shago ba, domin tayar da ta ninka kuɗi amma ta fi daɗewa ta kuma rage shan mai tana iya mayar da wani kaso na abin da aka kashe.

Zaɓi mafi muni shi ne wanda ya fi jan hankalin mutanenmu, wato tsohuwar taya 'yar tokumbo mai babban suna. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙira a Legas a 2008, kasuwarmu ta dogara ga na waje, kuma tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna shigowa duk da suna cikin jerin kayan da aka haramta. Ba wanda ya san ramukan da irin wannan taya ta faɗa, ko tsawon lokacin da ta yi a rana. Da yawa ma tayoyin hunturu ne, masu hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, waɗanda aka haɗa robarsu don ta yi laushi a sanyin da ya gaza digiri 7. A kan kwaltarmu sukan yi laushi fiye da kima, birki ya yi tsawo, su kuma cinye da wuri. Sabuwar matsakaiciya ta fi tsohuwar sarauniya. In kuwa kuɗin biyu kaɗai ake da shi, a sayi biyu iri ɗaya a sa su a baya, ko da motar da gaba take ja kamar Golf, domin direba yana iya gyara zamewar gaba da rage gudu, amma in baya ya kufce a kwana motar juyawa take yi.

Aikin aji

Malamai za su iya nuna jinkirin komawa da kayan da ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. A rataye robar ɗaure kuɗi mai kauri a jikin ƙusa, a ɗaura mata 'yar leda, a kafa rula a gefe. A riƙa saka nauyi iri ɗaya ɗaya bayan ɗaya, alal misali batura ko ƙullin yashi da aka auna, ana rubuta tsawon robar, har zuwa takwas. Sa'an nan a riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya ana sake rubutawa. Ɗalibai za su ga cewa a nauyi guda, tsawon lokacin cirewa ya fi na lokacin sakawa. In aka zana layukan biyu a takardar giraf, filin da ke tsakaninsu shi ne ƙarfin da ya zama zafi. A maimaita da sifirin na ƙarfe a kwatanta.

Don auna tafin taya, a tsayar da mota a kan siminti mai laushi, a ja birkin hannu, a kashe inji, a tura takardu huɗu daga gaba da baya da gefe biyu har su tokare, a auna tsawo da faɗin filin da ya rage a tsakiya. A kwatanta amsar da ta lissafin da muka yi a sama, ɗalibai su kawo dalilan da suka sa ba su zo daidai ba. Daga nan kowane ɗalibi ya kwafo lambar DOT da harafin gudu na tayoyi huɗu, na motar gida ko ta makaranta ko ta haya, da izinin mai ita, a haɗa a allo a ga kashi nawa cikin ɗari ne suka wuce shekara huɗu.